Gayyar Buɗe Kwamfutar Sa'ida

Soron Ɗinki, Kano

Zuwa ga Alhaji Ɗalha, Gwammaja.

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Yusuf da ƙannensa, ya ƙarin haƙurinmu? Ni ce 'Yardada, surukarka. Malama Yagana maƙwabciyata ce ke riƙe da biro, ni kuma ina faɗa. Na ce mata duk abin da ya fito daga bakina ta sa shi yadda yake, kar ta yi masa kwalliya.

Tun da ka auri 'yata ban taɓa ɗaga ido na dube ka ba, sunanka ma da ke saman takardar nan Yagana ce ta sa. Yau ka sa na ajiye kunya. Ashe lauya ka ɗauka a kan Mikail? Ƙanin matarka, wanda ya kama makararta tare da kai?

Bari na tuna maka, ko ka manta. Marigayiya 'yar fari ce a wurina. Ban goya ta a gaban mutane ba, ban yi mata wasa ba, kakarta ce ta raine ta, haka muka tarar ana yi. Sai da furfura ta fara fito mata sannan muka zama uwa da 'ya. Duk Juma'a ta zo da kwamfutar nan, ta ajiye a kan tabarmata, ta ce, “Inna, ba ni labarin da.” Ina faɗa tana ɗaukar muryarmu a ciki, tana tsokanata, tana dariyar nan tata mai kamar tari. Yanzu idona ya tafi, hoto ba ya yi mini komai. Muryarta nake so na ji. Muryar tana cikin abin nan, an garƙame da kwaɗon nan da kuke ce wa kalmar sirri, mukulli ya bi ta kabari.

Mikail ya yi mini bayani, na kuma gane sarai. Akwai mutane a ƙasashe daban-daban da ke barin kwamfutocinsu a kunne saboda Allah. A ba wannan damin mukullai ya gwada, a ba wancan dami, wanda bai buɗe ba a yar, har a dace. Na ce masa ai wannan gayya ce! Da muna yara, in damina ta matso, haka mazan unguwa ke taruwa su yaɓe soron wanda ba shi da ƙarfi, mu mata muna dama kunu. Su waɗannan ko kunun ba su nema ba. Sun fara, aiki na tafiya, sai ga takardar lauyanka wai magada ba su yarda ba. Mutanen kirki, nan take suka janye hannu.

To ni mece ce? Baƙuwa? Ka janye takardar nan. Ka gaida yara.

Surukarka,
'Yardada


Gwammaja, Kano

Zuwa ga Hajiya Inna.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan jiki da sauƙi. Yara suna gaishe ki.

Inna, na karanta saƙonki, raina bai yi daɗi ba, amma dole na faɗi nawa. Ranar sadakar bakwai, gida cike da mutane, Mikail ya shiga ɗakin Sa'ida ya jona wani abu a kwamfutarta ya kwafi abin da ya kwafa. Bai tambaye ni ba. Sai a bakin wani abokina na ji cewa ya baza maganar matata a intanet, dubban mutanen da ba mu san addininsu ko halinsu ba suna ta ƙoƙarin fasa kalmar sirrinta. Lauyana ya ce shiga kwamfutar wani ba da izini ba laifi ne a doka, ko da mai yi ɗan'uwa ne. Mikail kuma ba magaji ba ne, tunda akwai Yusuf.

Sannan ki duba wannan. Shekara da shekaru ni da Sa'ida kalmar sirrinmu ɗaya, ba ta ɓoye mini komai ba. Da ciwo ya yi nisa sai ta canza ta kwamfutar, ba ta gaya mini ba. Na gwada tsohuwar a gabanta, ta ƙi buɗewa, ta kau da kai ta yi shiru. Duk abin da ya sa ta rufe mini, ita ta sani. Abin ya ci mini rai, har yau yana ci. Amma abin da mamaci ya rufe da hannunsa, ban ga dalilin da zai sa a tara duniya a fasa shi ba.

Ki yi haƙuri, ba zan janye ba. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Ɗanki,
Ɗalha


Soron Ɗinki, Kano

Zuwa ga Baban Yusuf.

Salamu alaikum. Gaisuwar ke nan, yau ba ni da doguwa.

Yagana ta karanta mini, na sa ta maimaita. Doka! Ni za ka karanta wa doka? Mikail ba magaji ba ne, na ji. Ni fa? Na aika an tambayo Malam Gambo limamin unguwarmu, ya ce uwa tana da sudusi a duk abin da 'yarta ta bari. To ina da sudusi a kwamfutar nan. Ka yanko mini nawa ka aiko, ka riƙe rubu'inka. Mikail kuwa ni na aike shi. Hannuna ne shi, idona ne. In akwai wanda za a kai kotu ni ce, ka turo mota, ba na iya tafiya da ƙafa.

Shigar da ya yi ɗaki bai sallama maka ba, wannan ya yi wauta, na kuma wanke shi tas, har matarsa ta ji. Amma abin da ya kwafa bakin kwaɗon ne kawai. Mutanen nan ba sa ganin hoto, ba sa jin murya, mukulli suke gwadawa. Ranar da aka dace, mukullin za su miƙo, kwamfutar tana gidanka.

Lokacin da babana ya rasu, maɗinkin manyan riguna ne, ya bar adakar ƙarfe a kulle, aka nemi mukulli sama da ƙasa babu. Rigunan mutane a ciki, salla ta matso. Sai aka kira maƙeri daga Ƙofar Mazugal, aka zaunar da dattawa, ya fasa a gabansu ya ɗauki gudumarsa ya tafi, ko leƙa ciki bai yi ba. Wa ya ce masa ɓarawo? Ɓarawo shi ne wanda masu kaya ba su kira ba. Waɗannan ni na kira su.

Yanzu saura maganar da ta fi ƙona mini rai. Wai ta rufe maka. Kai, Alhaji! Shekara nawa kuna tare ba ka san matarka ba? Yagana, rubuta, kar ki tsaya kallona. Marigayiya ta ce kar na gaya maka, na riƙe, amma tunda abin ya kai ga lauya, Allah ya yafe mini.

Wayarta aka sace a asibiti, aka tsorata ta cewa ɓarawon zai iya shiga kayanta, shi ne ta canza mukullin kwamfutar. Lokacin ciwon ya riga ya fara taɓa mata kai. Juma'ar da ta biyo baya ta zo nan, ta buɗe abin, ta danna, ya ƙi. Ta sake, ya ƙi. Tun bayan azahar har aka kira magariba tana dannawa tana kuka, tana cewa, “Inna, ni na sa shi da hannuna, ya gudu daga kaina.” Malamar makaranta guda, wadda ke riƙe sunan kowane yaro a aji! Ta ce in ka sani za ka gane kan ya fara tafiya, za ka daina kallonta yadda ka saba. Shi ne shirun da ta yi maka. Kunya ce da tsoro, kai kuma ka ɗauke shi gaba, ka rungume har ka kai wa lauya.

Ita da kanta ta so buɗewa ta kasa. Mu ƙarasa mata muke yi. Kai ne ka tsaya a ƙofa, kana tsaron kwaɗon da mai shi ta mutu tana kuka a kansa.

Shekaruna sun haura tamanin. Mikail ya ce aikin zai iya ɗaukar watanni, zai iya fin haka, wataƙila ma ba a dace ba. Duk ranar da mutanen nan suka zauna ba sa gwadawa, daga cikin kwanakina ka cire ta. Na gama.

'Yardada


Gwammaja, Kano

Zuwa ga Hajiya Inna.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa.

Ban sani ba, Inna. Wallahi ban sani ba.

Lauya ya janye takardar. Na sa hannu a wata sabuwa, ni a madadin kaina da yara, an bar gurbin da za ki dangwala yatsa, Mikail zai kawo miki. Sharaɗina ɗaya: in an samu mukullin, a ɗakinki za a buɗe, daga ke sai ni sai yara. Mikail ya ce in an san irin kalmomin da Sa'ida take so aikin zai ragu, na zauna na rubuta masa duk abin da na tuna. Kwamfutocin shagona na buga takardu ma ya zo ya jona su cikin gayyar.

Allah ya jiƙan Sa'ida, ya sa ki ji abin da kike son ji.

Ɗanki,
Ɗalha


Soron Ɗinki, Kano

Zuwa ga Baban Yusuf.

Wa alaikumus salam. Na dangwala. Sharaɗinka na karɓa.

Ban ce na huce ba. An gaya mini in an tashi aiki yaran shagonka suna kashe komai su tafi gida. Mutanen da ba su taɓa ganin fuskarta ba suna barin nasu a kunne, naka ne za su riƙa hutawa? Kar a sake kashewa. In an ɗauke wuta a tada inji.

Ka gaida Yusuf. Ina nan zaune, kunnena lafiya lau.

Surukarka,
'Yardada