Abin da Malam Shitu Bai Gani Ba

Jamaica, Queens
Talata, 9 ga Fabrairu, 2016

Zuwa ga Mariatu, sanyin idona, ruwan farkon damina a kan ƙasar da ta tsage don ƙishi, farin watan da ke leƙo ni ta tsakanin dogayen benayen garin nan inda ko tauraro ba ya samun wurin fitowa. Sallama a gare ki, da gaisuwa mai tarin yawa. Ina gajiya, ina aiki, yaya kuma wannan sanyi da ba ya jin kunyar kowa?

Yau kwana tara wayarki na ƙara ba kya ɗauka. Ban ga laifinki ba. Na san labarin da aka kai gidan kawunki Abukari a kaina, na kuma san ranar Lahadi bayan la'asar zai zaunar da ke ya tambaye ki ko a karɓi gorona ko a maido mini da abina. Shi ya sa na ɗauki biro, ni da rabona da wasiƙa tun ina lakwal, makarantar boko, a Damagaram. Ki yi haƙuri da rubutun. Yatsun mai tebur a bakin titi ba sa lanƙwasuwa a watan nan.

Ke 'yar Kumasi ce, cikin kore kika buɗe ido, ba lalle ki san gawo ba. A garinmu idan rani ya kama, kowace bishiya ta tuɓe ganyenta ta tsaya tsirara, gawo kaɗai ke yin kore shar, dabba da mutum su taru a gindinsa. Ke ce gawona, Mariatu! Shekara goma sha bakwai ina cikin ranin New York, garin da za ka faɗi a hanya a tsallake ka a wuce, garin da ya cinye mini ƙuruciya bai ko tambayi sunana ba. Ina nan tsaye bayan teburin huluna da safar hannu aka bugo mini cewa mahaifiyata ta cika. Ina share hawaye da hannu ɗaya, ɗayan yana miƙa wa wata mata laima. A duk shekarun nan wa ya tsaya tare da ni? Sigari. Ba yabon ta nake ba, muguwar abokiya ce, tana sumbatar ka tana cin hantarka. Amma ba ta taɓa ce mini ba ta da lokaci ba.

Kin tuna ranar sunan nan na watan Afrilun bara? Muka sauka daga jirgin ƙasa a tashar Tremont ta Bronx, na karɓi buhun shinkafar da kika saya na saɓa a kafaɗa, ina ta yanga kamar ɗan shekara ashirin. Rabin matakala ban kai ba ƙirjina ya kulle. Na dafa ƙarfe ina tari kamar tsohuwar motar tasha, mutane na bangaje ki ta hagu da dama, ke kuwa kika tsaya cak, ba dariya, ba tsaki. Kai, wannan tsayuwa! Da tarin ya lafa kika ba ni labarin tsohon da kike jinya a unguwar Flatbush, wanda ya yi tuƙin bas har ya yi ritaya, yanzu da robar iska a hanci, yana jan tukunyarta daga ɗaki zuwa bayi kamar akuya da turke. Kika ce wannan jinya kina yin ta don aiki ne, amma ba za ki ɗauko ta ki kai ɗakinki da hannunki ba, domin kin riga kin yi takaba sau ɗaya. A ranar na ji haushinki, wallahi. Na kwana biyu ina cewa a raina wace ce ita. A kwana na uku na gane babu wanda ya taɓa damuwa da numfashina tun da na baro gida sai ke.

Kada ki zaci ban taɓa gwada bari ba. Kowane azumi nakan ce bana ne ƙarshe. In yini ban taɓa ta ba, har in soma ganin kaina gwarzo, amma ana kiran magariba, Allah ya yafe mini, ita ke riga dabino shiga bakina. Na manna abin nan na barin sigari da ake mannawa a dantse, ya hana ni sukuni. Na tauna cingam ɗin masu barin sigari har muƙamuƙina ya yi tsami. Shekara ashirin da biyu, kwali ɗaya kullum, ba a korar baƙon da ya daɗe haka da tsawa ɗaya.

Alkasim, abokina mai tuƙa tasi, shi ya fara miƙo mini sigarin lantarki. Na yi masa dariya, na ce ni da girmana ba zan tsotsi biro ba. Ya bar mini shi a kan tebur ya ja motarsa. Wata bakwai ke nan.

To, ga maganar Malam Shitu, wanda Kawu ya turo bincike a kaina. Bincike al'ada ce, da 'yata ce ni ma sai na tura. Sai dai bawan Allahn nan bai iya ɓuya ba. Yini biyu yana tsaye a tsallaken titi wai jiran bas yake, bas ta zo ta tafi ta fi sau talatin, shi ko motsi, ga babbar riga ga hular sanyi a kan hular zanna. A rana ta biyu tausayi ya kama ni, na tsallaka na kai masa shayi. Ya karɓa yana kallon sama kamar bai san ni ba. Da ya koma ya shaida wa Kawu cewa ya gan ni ina fitar da hayaki ta baki da hanci kamar ana ƙona shara, hayakin da ya fi na sigari sau biyar, kuma da na matso ya ji ƙamshin mangwaro. Dattawa suka haɗa kai suka yanke cewa abin da ake yi wa caji kamar waya, yana kuma ƙamshin 'ya'yan itace a tsakiyar hunturu, ba zai rasa nasaba da kayan maye ba. Wai na bar ƙarami na kama babba.

Malam Shitu bai yi mini ƙarya ba, ko ɗaya. Abin da ya gani ya faɗa, Allah ya saka masa. Fassarar ce ta kauce. Tururi ne, Mariatu, ɗan'uwan wanda ke tashi daga tukunyarki idan kin buɗe murfi, kuma a sanyin nan ko numfashin jariri hayaki yake yi. Babu ashana, babu wuta, babu toka. Ruwa ne mai ƙamshin mangwaro a 'yar kwalba, batir ya ɗumama shi. Ba ya juya hankali, ban taɓa rasa raka'a saboda shi ba.

Amma ba zan wanke shi tas in kawo miki ba, ya zumar da ba a gauraya ta da ruwa ba, don ke ba a yi miki haka. Na kai shi wurin likita a ƙaramin asibitin unguwarmu. Ta juya shi a hannu, ta ce abin da ke kama mutum a sigari, nikotin, yana nan ciki, kuma har yanzu ni kamamme ne. Ta ce abin da ya fi kisa a sigari ƙunar ce, da baƙar kwaltar da take shafe huhu da ita, wannan kuwa a iya saninsu ya ragu ƙwarai. Ta ce sabon abu ne, ba wanda zai rantse mini a kan abin da zai haifar nan da shekara ashirin, kuma wanda bai taɓa sha ba kada ya kusance shi. Ba lafiya ba ce, in ji ta, rangwame ne. Na ce na karɓa. Wanda ya daɗe a rana ba zai raina 'yar rumfa don tana yoyo ba.

Ga abin da ni na gani da jikina. Tarin asuba da ke tashin maƙwabcina ya tafi. Hawa huɗu ne zuwa ɗakina, da sai na huta sau biyu, yanzu ina kaiwa da kayan tebur a ka ina ƙunƙuni, kuma mai ƙunƙuni ai yana da sauran numfashi. Hancina ya dawo! Ranar da na tsaya kusa da ke a ƙofar masallaci cikin watan Disamba na ji turaren mayafinki, karo na farko, na ce ashe duk watannin nan a gefen lambu nake tafiya ban sani ba? Ruwan da nake zubawa ma na rage masa ƙarfin nikotin, daga lamba sha takwas zuwa sha biyu, yanzu ina kan shida.

Saura abin da Malam Shitu bai gani ba, wanda da na yi shiru babu mai sani sai Allah. Washegarin babbar dusar ƙanƙarar nan ta watan jiya na fita da shebur in haƙo wurin teburina. Sanyi ya kashe batirin, ashe haka yake yi, ni ban sani ba. Na danna, na girgiza, na hura masa iska, shiru. Kaina ya kama sarawa. Wani mai share ƙofar shago ya miƙo mini karan sigari ɗaya, na karɓa, na kunna, na shanye ta har gindi. Guda ɗaya cikin wata bakwai. Ta yi mini ɗaci kamar na lashi bututun mota, amma na shanye, ba zan ce na yar ba. Tun ranar a aljihun ciki nake ajiye abin, jikin ƙirjina, don kada ya sake mutuwa, da wani batirin a ɗaya aljihun. Na faɗa miki ne don in za ki ƙi ni, ki ƙi ni a kan abin da na yi, ba a kan mangwaro ba.

Ba zan sa miki rana in ce daga ita na rabu da tururin ma ba. Na sa wa kaina rana sau da yawa, na san yadda take wucewa ta bar ni da kunya. Abin da zan iya ɗauka shi zan ɗauka. Wuta ba za ta sake kusantar bakina ba da yardar Allah, in kuwa na sake zamewa, daga bakina za ki fara ji. Ba zan busa shi a ɗakinki ba, ko a gaban 'ya'yan da Allah zai ba mu. Zan ci gaba da sauka, shida zuwa uku, uku zuwa babu, da saurin da ƙafata za ta iya. Kuma in Kawu ya ba da izini, zan zo in durƙusa a gabansa in kwance abin nan gunduwa-gunduwa a kan darduma, dattawa su shinshina, Malam Shitu ma a ba shi ya riƙe batirin.

Ya kurciyar da kukanta ke sa matafiyi tuna gida, ina rafin da zan kai wannan ƙishi in ba wurinki ba? Na gaji, Mariatu. Na gaji da cin abinci a tsaye, na gaji da buɗe ƙofa ba mai ce mini sannu da zuwa. Amma yau, karon farko tun da na sauka a garin nan, ina son in tsufa. Ina son in ga furfura a kanki, in kuma kasance da numfashin da zan tsokane ki a kanta. Wa ya koya mini wannan kwaɗayi in ba ke ba?

Abu ɗaya nake roƙo. Kin san hukuncin ba ɗaya ba ne: budurwa idan aka tambaye ta ta sunkuyar da kai, an ɗauka ta yarda. Ke kuwa da kika taɓa aure, sai kin furta da bakinki. Ranar Lahadi idan kika yi wa Kawu irin shirun da kike yi wa wayata, zai naɗe gorona a takardarsa ya aiko mini, ba kuma zan ce ya zalunce ni ba. In a'a ce a zuciyarki, ki faɗe ta, zan haɗiye, ba za ki taɓa jin mugun zance a kanki daga wurina ba. In kuwa akwai ko ɗigon e, ki daure ki ɗaga kai ki faɗa da ƙarfi, don kunnen Kawu na hagu ba ya ji sosai. Ki zauna ta damansa.

Ni dai ina nan inda kika san ni, bakin titi, fuskata na kallon hanyar Bronx inda kike. Zuciyar da na ba ki ban bar wa kowa ragowa ba, kuma ba zan karɓe ta ba, ko goro ya zauna ko ya dawo.

Naki, muddin ana numfashi,
Issoufou