Muryarka Ta Same Ni a Zagaye Na Bakwai

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa, ruwan farko da ya sauka a busasshiyar gonar zuciyata, Baban Amatullah,

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi! Alhamdulillahi! Sau biyu na rubuta, amma a bakina ta fi dubu tun ranar Asabar.

Kwana ashirin da uku, masoyina! Kwana ashirin da uku tun da aka ce an yi wa rundunarku kwanton ɓauna a daji, wayarka ta daina shiga, duk wanda na tambaya sai ya ce in yi haƙuri. Ka san yadda tuwo ke zama kamar ƙasa a bakin mace? Ka san yadda ƙarar kowane babur da ya shigo lungunmu na Ƙofar Dumi ke tsinka min zuciya, ina zaton mai kawo mugun labari ne? Na yanƙwane kamar ganyen da aka tsinke aka bari a rana. Hajiyarka na kallona ina kallonta, babu mai iya furta abin da muke tsoro.

Agnes ce ta fito da ni, matar abokinka Luke da kuka binne bara. Ta ce, “Maman Amatullah, tashi. Gobe akwai motsa jiki na karrama sojoji a wani fili a unguwar GRA. Mazanmu sun ɗauki kaya saboda mu, mu ma mu je mu ɗauka.” Hajiya ta karɓi yarinya, ta ce in je.

Filin ya cika, maza gefe guda, mata gefe guda, ciyawa jiƙe da ruwan asuba. Tsohon saja Tunji, mai horar da jama’ar, ya ba kowa buhun yashi ya goya, a madadin jakar soja. Zagaye goma za a yi, kafin kowanne sai ya kira sunan wani soja da ya rasu a bakin aiki. Wayyo, abin ƙaunata! Duk sanda ya ɗaga takardar nan sai in kasa kunne ko zan ji sunanka. Na san babu sunanka a ciki tunda ba a tabbatar da komai ba, amma wa ke iya lallashin zuciyar da ta firgita?

Buhun ya ci kafaɗata, hijabina ya jiƙe sharkaf. Ka tuna yammacin da ruwa ya kama mu a gonar kawunka a Tirwun, ka cire rigarka ka lulluɓe ni, na ga sawun igiyar jaka a kafaɗunka, ka yi dariya ka ce ba komai ba ne? Ashe wannan ne ba komai ɗin! Ashe haka kake ɗauka, ka dawo gida kana murmushi kamar hantsi!

A zagaye na bakwai wayata ta yi ƙara. Baƙuwar lamba. Na ɗauka, sai na ji: “Khairat, ni ne. Ina asibiti, ƙafa ce kawai.”

Ya hasken rayuwata, wace tsuntsuwa ce ta taɓa rera abin da ya kai daɗin kalmomin nan? Na zube a jiƙaƙƙiyar ciyawa na yi sujada, buhun na bayana. Ka san wa ya fara rangaɗa guɗa? Agnes! Ita da nata ba zai taɓa kira ba. Ta rungume ni tana kuka tana dariya, har Saja Tunji ya busa usur aka tsaya, mata suka kewaye mu. Da aka ci gaba, sunan Luke ne na takwas. Na miƙe na riƙe hannunta, muka ƙarasa har na goma.

Yanzu roƙona ɗaya: kada ka ɓoye min komai game da ƙafar nan. Ka dawo da sanda, ka dawo da ɗingishi, ka dawo yadda Allah ya bar min kai. Kafaɗata ta san nauyi yanzu, ka jingina da ita. Amatullah ta fara tafiya, taku uku sai ta faɗi. Sai ku koya tare a tsakar gida.

Taka ce ni a duniya, kuma ina roƙon Allah in zama taka a Aljanna.

Matarka mai jiranka,
Khairat