Hannun Hagu a Baibai

Litinin, 3 ga Maris
Saura kwana goma sha biyu. Mama ta gama haɗa hannayen leshi a rigar aurena, na gwada. Na dama ya zauna ɗas. Na hagu a baibai yake, bayan leshin ne a waje, ƙulle-ƙullen zare duk suna kallon jama'a. Ta ce, "Juya in gani." Na juya. Ta ce, "Tubarkalla." Ba ta gani ba. Matar da ta shekara talatin a kan keken ɗinki, mai hango karkataccen ɗinki tun daga ƙofar shago!

Talata, 4 ga Maris
Na kasa zaune na kasa tsaye. Sau uku ina buɗe ledar rigar, kamar hannun zai gyara kansa.

Alhamis, 6 ga Maris
Yaya ta ce, "Ki faɗa mata mana, ciwon ido ai ba abin kunya ba ne." Faɗa da baki! Ita ba ta nan kullum in Mama ta miƙo min allura in zura mata zare, wai hannunta da maiƙo. Masu kawo ɗinki sun janye ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya gaya mata dalili. In na yi magana, na san ranar za ta rufe keken nan, ba kuma za ta sake buɗe shi ba. Tsoro nake ji, gaskiya.

Asabar, 8 ga Maris
Na saci jiki na kai rigar wajen wani tela can nesa da layinmu. Ya juya, ya juya, ya ce, "Hannun dama biyu aka yanka, 'yar'uwa. Sai dai sabon leshi." Na zagaya shago shida, babu irinsa. Na ƙare da sayen 'yar jaket ɗin nan gajera mai dogon hannu da amare ke ɗorawa. Ta rufe komai. Na cusa ta ƙarƙashin zannuwan gado kamar kayan sata.

Litinin, 10 ga Maris
Angon ya ce ko buhu na saka shi dai ya gode. Wa ya tambaye shi?

Alhamis, 13 ga Maris
Na dawo daga aiki na tarar da rigar a rataye, jaket ɗin a kanta, an goge ta sumul. Mama na zaune bakin gado. Ta ce da take ninke rigar ne yatsunta suka ji abin da idonta bai gani ba. "Kin yi dabara, 'yar nan. Ki saka, za ta rufe." Har da dariya. Da na fito, na ga ta lulluɓe keken da zane.
Na shiga banɗaki na yi kuka.

Lahadi, 16 ga Maris
An gama biki. Ƙafafuna kamar ba nawa ba. Jaket ɗin tana nan a hanga, ban saka ba. Zafi ake yi, shi ke nan, kada wani ya fassara min. Wata ƙawar Yaya ta ƙura wa hannun ido ta ce wa ya yi min ɗinki. Ban san na ɗaga murya haka ba, har teburi biyu suka waiwayo. Na ce, "Mamata."