Katin da Ka Rubuta Mini

Ƙanena Bello,

"Adda, kafin ruwan farko maigidana zai gyara burtsatsen Wurogauri." Bakinka ne ya faɗa, a gaban Inna, yau damina biyu ke nan. Bayan wannan tuni, assalamu alaikum. Ya Abuja, ya aiki, ya Hauwa da yara? Mu nan Gwandu lafiya lau, sai dai har yau daga rafi ake ɗebo wa Inna ruwan sha can Wurogauri.

Na gode da kujerar da ka samo mini a muhawarar 'yan takara ta talabijin. A bakin ƙofa aka miƙo mini kati, wai tambayar da zan yi wa maigidanka. Na gane rubutunka: "Ranka ya daɗe, mene ne sirrin nasarorinka?" Bello, ni da na koya maka baƙi da wasali, ni za ka rubuta wa allo in biya?

Da aka ba ni makirfo, na jefa katin cikin jaka. Na ce, "Ranka ya daɗe, yaushe rabonka da shan ruwan Wurogauri?" Ya kai hannu ga gorar ruwan da ke gabansa, sai ya fasa ɗauka. Washegari matan Wurogauri da guɗa suka tare ni. Inna ta kalla a wayar maƙwabta, ta ce, "Wannan tawa ce."

Na ba ku zuwa ƙarshen watan gobe. In burtsatsen bai kawo ruwa ba, zan kai katin nan gidan rediyo in karanta shi, in faɗi mai rubutun.

A sa mu a addu'a. Ka gaida Hauwa, ita ba ruwanta.

Addarka,
Hajara