Nura, sun tafa wa wasanka

Assalamu alaikum, ƙanena Nura.

Gaisuwa ce daga Utai, daga yayarka Hauwa, da fatan za ta riske ka cikin ƙoshin lafiya a duk ƙasar da kake. Ban san garin da zan aika ta ba, shi ya sa na ajiye ta a nan intanet, inda kowa zai karanta, ko Allah zai sa wani da ya san ka ya tura maka. Inna tana gaishe ka. Baba yana nan, ƙafar ce dai take matsa masa. Damina ta yi albarka, har mun cire wake.

Amma ba labarin wake ya sa na zauna rubutu ba. Na ga wasanka, Nura. Da idona na gan shi, a hannun waɗanda suka kore ka.

Ka tuna shagonka na Wudil, kusa da jami'a? Tsofaffin talabijin, benci, da janaretan da sai an lallaɓa shi yake tashi. Ɗalibai su cika shi suna buga ƙwallo a gem, kai kuma kana lungu da kwamfutarka, kusa da Yohanna, ɗalibin nan ɗan Taraba. Shi yana koya maka yadda ake haɗa wasan waya, kai kana yi masa dariya in ya ce "ruwa ya zo" maimakon "an yi ruwa". Ranar Lahadi in ya tafi coci kai kake ajiye masa abinci, ranar Juma'a shi yake tsare maka shago.

A wannan lungun ka ƙera wasan kwalekwale. Mutum ya ɗebi 'yan kasuwa ya haye da su kogin Wudil, ya kauce wa yashi da igiyar ruwa. In ya cika kaya, jirgin ya fara tangaɗi, sai wata mai tukwane ta ƙwalla ihu. Muryata ce. Ka zaunar da ni a bayan rumbu ka ce, "Yaya, yi kamar da gaske." Na yi ta cewa "Wayyo, za ka kashe mu!" har Inna ta fito da muciya a hannu tana tambayar wa ya mutu. Daga baya ita ce ta fi kowa nacin wasan, matar da ko lambar waya ba ta iya dannawa. Takan ce, "Ba ni jirgin nan in haye da mutanena."

Sai aka yi faɗa a wani shagon gem da ba naka ba, aka soki wani saurayi. Maimakon a nemi mai wuƙar, aka kafa kwamiti, kwamitin ya ce duk shagunan gem matattarar caca ce. Suka zo shagonka da mota da rana tsaka. Suka kwashe talabijin da benci, suka fizge kwamfutar daga ƙirjinka, Yohanna yana roƙonsu su bar ta, aikin karatu ne a ciki. Suka zaunar da kai a ƙasa a bakin titi, suka yi maka aski da almakashi, wani a cikinsu yana ɗauka da waya.

Kafin ka iso gida bidiyon ya riga ka. An rubuta a ƙasansa, wai ga mai lalata tarbiyyar yara. A wayar maƙwabci Baba ya gani, a ƙofar masallaci, a gaban sa'o'insa. Da ka shigo da hula har kunne bai tambaye ka komai ba. Cewa ya yi, "Da hukuma za ta yi maka ƙarya ne?" Na ga yadda ka dube shi. Ban taɓa ganin ka dubi wani haka ba.

Ka yi ta zarya neman kwamfutarka, kullum a ce mai makulli ba ya nan. Rannan da safe, Inna tana dama koko, ka ce za ka shiga Kano. Saƙonka na ƙarshe daga Agadas ya zo: "Yaya, a yi min addu'a." Daga nan shiru.

To, makon jiya aka aiko makarantarmu, wai kowace malama ta kawo ajinta filin taro a cike kujeru, za a ƙaddamar da shirin matasa da fasahar zamani. Rumfuna, makaɗa, majigi kamar bangon ɗaki. Wani babba da ba zan kira sunansa ba ya yi jawabi, ya ce wasannin waya su ne arzikin gobe, ya ce gwamnati ba za ta bar hazaƙar yaranmu ta salwanta ba. Sannan aka ce zai gwada wasan da shirinsu ya samar.

Kogin ya bayyana a majigi. Gadar nan da ka yi ta gogewa kana sake zanawa. Sun sauya suna, sun liƙa hotonsa a jikin jirgin, amma ba su ma damu su cire murya ba. Ya loda kaya, jirgin ya karkata, sai na ji kaina a lasifika, filin duka ya ɗauka: "Wayyo, za ka kashe mu!" Aka fashe da dariya. Aka yi ta tafi. Har da wanda ya riƙe almakashin, yana sahun gaba da sabuwar shadda.

Na miƙe. Na ce muryata ce, wasan ƙanena ne, Nura sunansa. Kiɗa ya danne ni. Wani mai tsaro ya matso ya ce, "Malama, zauna mana, ana ɗauka."

Na ɗauki hoton majigin na tura wa Yohanna. Yana Jalingo yanzu. Ya kira ni. Ya ce duk inda ake so ya tsaya ya yi shaida zai tsaya. Na gode masa. Ban dai san gaban wa za mu tsaya ba.

Abin da ya fi ci min rai a gida ya same ni. Da yamma rediyo ya kawo labarin taron, ana ta yabon wasan. Na faɗa wa Baba na waye. Ya rage muryar rediyon, sannan ya ce, "Ashe abin kirki ne?" Sai da rediyo ya faɗa masa, Nura. Tun ranar bai ƙara kunna shi ba, kuma in an yi sallama a zaure shi yake riga kowa fita ya ga ko kai ne, da ciwon ƙafar tasa.

Ba zan ce ka dawo ba. Ban ga abin da zan ce ka dawo ka tarar ba. Murya kawai nake roƙo, ko ta gaisuwa ce, in kai wa Inna a kunne.

Allah ya tsare min kai a tudu da ruwa. Ya haɗa ka da masu tausayi, ya ba ka inda za a kira aikinka da sunanka. Waɗanda suka yi maka wannan kuwa, ban yafe ba, na bar su da Shi.

Yayarka da ba ta sauya lamba ba,
Hauwa