Safar Ɗin Bana Bai Kai Talatin Ba

Bani Malik, Jidda
Litinin, 27 ga Safar

Angona Mish'al,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da taliyar da kake ci ba miya. Saƙonka ya iso, cewa aikin da kafilinka, mai gidan da ya tsaya maka a ƙasar nan, ya tura ka Italiya ya ƙare, Laraba za ka yini yawo a Venis, Alhamis ka dawo. Ga amsata da biro, na ɗauki hotonta da waya.

Wai garin da tituna ruwa ne, mota kuma kwalekwale. Jikana, don wannan ka tsallaka teku? Mu nan in an yi ruwan sama rabin awa, haka layinmu yake zama, kyauta. In kuma wata Baturiya ka gani, gaya mata kana da mata a gida, haƙoranta shida, dukansu masu kaifi.

Af, na tuna. Takardarka ta izinin fita da dawowa ƙasar nan ta ce ka shigo kafin ɗaya ga Rabi'ul Awwal, kai kuma ka ce Alhamis talatin ga wata. Na duba kalandar bangon kicin. Safar ɗin bana kwana ashirin da tara ne. Laraba ce ranarka ta ƙarshe.

Ka huta lafiya.
Kakarka, Mastura

Laraba, bayan asuba

Mish'al,

Sallama. Jiya ka turo mini fuskar dariya guda uku, shi ke nan. Na kira sau tara, wayarka a kashe. Na gane halinka: tsokanar sama ka karanta, ka gaji da Hausa, ka ajiye. Laifina ne da na sa maganar a ƙasa.

To ga ta a sama. YAU WATA YAKE ƘAREWA. Gobe ba za su bar ka ka shigo ba. A nan aka haife ka, amma fasfonka na Nijar ne, ƙasar da ko hanyar tasharta ba ka sani ba. Na ɗora shayi sau biyu, sau biyu ya ƙone. Tagar nan ta gaji da fuskata.

Yalla, ka taso. Allah Ya kawo ka.
Mastura

Filin jirgin Venis, Laraba da hantsi

Sitti, kakata amaryata,

Wa alaikis salam. Wallah ina cikin kwalekwale na kunna waya don in ɗauko miki hoto, sai ga takardarki. Na duba taƙwim, kalandar wayata, kin yi daidai. Na ce wa mai tuƙi ya juya, ya ɗauka amai nake ji. Venis ɗin da na gani gada ɗaya ce da tantabaru biyu. Na samu kujera a jirgin da zai bi ta Istanbul, in bai yi jinkiri ba zan sauka yau. Ba tsaraba, halas, magana ta ƙare. Ki yi mini addu'a.

Jikanki, Mish'al

Alhamis, 1 ga Rabi'ul Awwal

Malalacin angona,

Barka da tashi. Na tura wannan ta ƙarƙashin ƙofarka don minsharinka ya hana ni shiga. Na buɗe fasfonka na ga hatimin shigowarka na jiya da idona, sannan na ci abinci.

Kada ka damu da Venis. Ranar da aka yi ruwa zan saka ka a bahon wanki, in tura ka har unguwar Sharafiyya.

Ka fito, shayi na uku bai ƙone ba.
Mastura