Zane Uku a Kafiretar Baba

Litinin, 3 ga Maris
Yau na kwance kafiretar motar Baba. Shekara goma sha ɗaya motar tana ƙarƙashin tamfol a bayan garejina, tun rasuwarsa, ita kuwa motar ta girme ni. Yaya ne ya taso da maganar: "Mu tayar da ita mana, mu riƙa kai Inna unguwa a ciki." Mutumin da ko bonet bai iya buɗewa ba. Amma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Laraba, 5 ga Maris
Tsohon fetur ya daskare a ciki kamar ƙaro. Kwanon mai ya tsage, allura ta lanƙwashe, zaren noti biyu ya cinye. Na jiƙa komai a kananzir.

Da na goge gefen notin silo, mai daidaita tafiyar inji in mota na tsaye, sai ga zanen Baba, layi uku da ya ja da bakin ƙusa. Haka yake aiki, ba ruwansa da takarda, a jikin ƙarfe yake barin saitinsa. Na farko na lokacin zafi ne, na biyu na sanyi. Na ukun ya ce zai gaya mini ranar da na iya aiki. Bai kai ga gaya mini ba. Na daɗe zaune da abin a hannu.

Asabar, 8 ga Maris
Mai walda ya like tsagar. Ni na fitar da sabon zare, na miƙe allura, na bi kwanon da samfefa har yatsuna suka yi zafi.

Talata, 11 ga Maris
Saura gogewa da inji. Shagon mai goge ƙarfe yana kan hanyar ofis ɗin Yaya, sai na ba shi ya kai. Na nuna masa zanen, na ce a goge ko'ina ban da nan. Sau biyu na faɗa. Ya ce, "An gama, ƙanena."

Juma'a, 14 ga Maris
Ta dawo tana sheƙi, har fuskata nake gani a jiki. Babu zane ko ɗaya. Sumul.

Na tafi shagon da niyyar cin mutuncin mai goge ƙarfen. Ya kashe inji, ya ce, "Wallahi sai da na tambaya, don na san aikin tsofaffin makanikai in na gani. Yayanka ya ce mai sayen ba ya son tabo."

Mai saye. A bakin bare na ji.

Asabar, 15 ga Maris
Na sami Yaya yana wanke motarsa. Ko musu bai yi ba. Wani mai tara tsofaffin motoci ne, sun gama magana tun watan jiya, sharaɗin kawai ta tashi. "Da na gaya maka ai ba za ka taɓa ta ba." Gaskiya ne, shi ya sa ta fi ciwo. Da hannuna aka sa ni na wanke ta wa wani.

Na shiga wurin Inna don in kai ƙara. Ta sunkuyar da kai. "Na ce ya sanar da kai. Ya ce a bari sai ta tashi."

Ashe ni kaɗai ne wawan gidan.

Lahadi, 16 ga Maris
Ban fita ba.

Talata, 18 ga Maris
Na san abin da zan yi in na so. In ɗan ɗaga allurar kwano, ta riƙa shan mai tana shaƙewa, ta mutu a gaban mai sayen. Babu wanda zai gane. Har na ɗauki sukudireba. Ba don Yaya na ajiye ba. Ban taɓa sakin aiki da mugunta a ciki ba, ba kuma a kan wannan motar zan fara ba.

Alhamis, 20 ga Maris
Na ɗaura kafiretar a motar. Babu zanen da zan bi, sai kunne. Na juya notin kaɗan kaɗan har rawar injin ta kwanta. Bugu ɗaya take tashi yanzu. Muryarta na nan yadda na san ta ina yaro. Na shiga na zauna a kujerar direba, na bar ta tana silo. Idona ya yi ruwa, hayaƙi ne ko me, oho.

Asabar, 22 ga Maris
Sun zo da babbar mota sun ɗauke ta. Mai sayen ya yaba aikin, ya tambayi wanda ya yi. Yaya ya ce, "Ƙanena ne," yana wani washe baki. Na ci gaba da wanke hannuna.

Litinin, 7 ga Afrilu
Aiki ya yi yawa, motoci biyar a ƙasa. Da hantsi Yaya ya shigo da tasa, wai tana jijjiga. Ya miƙo mini makulli ta taga yadda ya saba, don shi ba ya jira a garejina, tun da na buɗe. Na ce ya ajiye ta bayan farar can, akwai mutum biyar a gabansa. Ya yi dariya, ya ga ban yi ba.

Ba fushi nake ba. Layi ne kawai, kowa ma yana bi.

Ya ja ta zuwa bayan farar, ya zauna a benci tare da sauran.